Da a Atina muke zaune, da ana damawa da mu?

Baban Ummi, Makka:

Assalamu alaikum. Ni tela ne a nan Shara Mansur, karatuna na allo ne, sai ɗan abin da kunne ya tsinta a rediyo. Jiya bayan isha'i ina kan keke ina ƙarasa wata abaya, Ummi ta zo da waya tana karanto min labarin mutanen Yunan, wato Girkawan dauri. Wai a birninsu Atina babu sarki, mutanen gari ke taruwa a ɗaga hannu, inda aka fi yawa shi ke nan. Na ce wannan ai kasuwa ce. Sai ta ce, "To Baba, da can muke, kai ma za ka ɗaga hannu?" Na rasa ta cewa. Shekarata 31 a garin nan, ita kuma nan aka yanke mata cibi, amma har yau da igama, takardar izinin zaman baƙo, muke zaune. Shi ne nake tambayar masu boko: baƙo irina, yana da bakin magana a Atina?

Malamin Firamare, Jidda:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ɗaya ce, da ba ka ɗaga hannu ba. Tsarin ya kafu ne wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a hannun wani Kilistinis. Ana taron a kan wani tudu mai suna Finikis, amma na maza ne 'yan asalin gari kaɗai. Ban da mata, ban da bayi, ban da baƙi.

Irinmu suna kiransu "metik", baƙon da ya zauna. Kuma abin da zai ba ka dariya, dole ne metik ya samu ɗan gari wanda zai tsaya masa. Kafili ke nan, ba ragi ba ƙari. Yana biyan harajin zama, namiji darakma (kuɗinsu ke nan) 12 a shekara, mace mai zaman kanta 6. A lokacin ƙwararren magini darakma ɗaya yake samu a yini, ka ga aikin kwana 12 ke nan. Wanda aka kama bai biya ba ana iya sayar da shi bawa. Ba ya mallakar gida ko gona sai da izini na musamman, amma in yaƙi ya tashi, da shi za a fita. Kalmar darakmar nan kuwa ita ce ta bi ta Larabci ta iso mana a dirhami.

Kada ka ɗauka talakawa ne kawai. Aristo, wanda malamanmu na mantiƙi ke ambata, mutumin Istagira ne. Ya yi shekaru kusan 20 yana karatu wajen Aflaton, ya dawo ya buɗe tasa makarantar, duk da haka bai taɓa zama ɗan gari ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Lisiyas. Ubansa ya zo daga Sirakus, suna da masana'antar garkuwa mai bayi 120. A 404 kafin haihuwar Annabi Isa da wasu mutum 30 suka ƙwace mulki, suka kashe ɗan'uwan Lisiyas, suka wawushe dukiyarsu. Ya gudu, ya tallafa wa masu neman dawo da mulkin jama'a da kuɗi da garkuwoyi. Da aka yi nasara aka kawo shawarar a ba irinsu 'yancin zama 'yan gari, sai wani ya ƙalubalance ta a kotu, aka soke. Ya ƙare rayuwarsa yana rubuta wa 'yan gari jawabin da za su karanta gaban alƙalai.

Maman Sadik, Madina:

Malam, ka amsa ta uban ka bar ta 'yar. Ummi ko da jikar masu gari ce ba za ta taka tudun nan ba, tunda mace ce. Sannan haihuwa a garin ba ta ba mutum komai. A 451 kafin haihuwar Annabi Isa Firikilis, jagoran Atina na lokacin, ya kawo doka cewa sai wanda uwarsa da ubansa duka 'yan Atina ne. Allah da ikonsa, shi kansa ya haihu da Asfasiya, baƙuwa 'yar garin Militus. Da annoba ta kwashe masa manyan 'ya'yansa biyu, sai ga shi yana roƙon jama'a su yi wa ɗan baƙuwar alfarma. Sun yi masa. Wanda ya haƙa ramin mugunta dai an ce ya haƙa shi gajere.

Ɗan Gadarif:

Yaya, ku dinga yi musu adalci. A Isfarta, wani birnin Girkawan, lokaci-lokaci korar baƙi ake yi ɗungurungum, ita Atina ta bar su sun yi kasuwanci sun yi arziki. Kuma majalisar Atina ta mutum 500 ƙuri'ar sa'a ake yi ba zaɓe ba, manomi ma sai ta faɗo kansa ya yi shekara yana ciki. Kakanninmu da suka yanko ƙasa da ƙafa za su hajji suka yada zango a Sudan, mu jikokinsu muna da takardar ɗan ƙasa, amma har gobe wani zai kalle ka ya ce Fallata, wato ɗan asalin Afirka ta Yamma.

Baban Ummi, Makka:

Allah ya saka da alheri. Na karanta mata duka. Labarin Firikilis ta fi yi wa dariya, har da buga ƙafa. Sai ta ɗauko alƙalami ta ce tunda na Atina aikin kwana 12 ne, in faɗa mata abaya nawa nake ɗinkawa kafin kuɗin sabunta igamarmu su haɗu. Na ce ta miƙo min almakashi, gobe mai kayan za ta zo.