Shimfiɗar farko ta ƙi kama faranti a Ender 3, daga ina za a fara?

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. Firintar 3D ce, Ender 3, mai gina abu da narkakkiyar roba shimfiɗa bisa shimfiɗa. An ɗora mata gilas a kan faranti, wato inda aikin ke zama, ana aiki da zaren roba na PLA. Nozul, wato bakin da robar ke fitowa, milimita 0.4 ne, zafinsa digiri 200, faranti kuma 50. A tsakiya zaren yana ɗan kamawa, amma a kusurwar dama ta gaba sai ya riƙa bin nozul yana nannaɗewa. In ma aikin ya tashi, kafin ya yi nisa kusurwoyinsa sun ɗage. An shafa gam, shiru. Me ya kamata a fara dubawa?

Amsa ta ɗaya

Wa alaikumus salam. Malam, ajiye gam ɗin tukuna. Zaren da ke bin nozul yana nuna cewa tazarar da ke tsakanin nozul da gilas ta yi yawa a wajen. Robar tana buƙatar a ɗan danne ta a jikin gilas, ba a ajiye ta a kai kawai ba.

A zafi ake saiti, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗauki wuta. Kai faranti 60, nozul 200, ka goge robar da ta maƙale a bakinsa, in ba haka ba ita za ka auna. A allon firintar danna Auto home, nozul ya koma mafarinsa, sannan Disable steppers, injinan su saki don ka iya tura shi da hannu. Sa farar takarda A4 mai giram 80, kaurinta wajen milimita 0.1 ne, ka kai nozul saman kowane noti na ƙarƙashin faranti, ka murɗa har takardar ta riƙa gogar nozul amma tana wucewa. Zagaya kusurwoyin huɗu sau biyu ko uku, don taɓa ɗaya yana motsa sauran. Kuma a hankali: sukurun M4 ne, zagaye ɗaya milimita 0.7, wato kwata ɗin zagaye ya kusa cinye kaurin shimfiɗa guda.

Takarda kusa kawai take kai ka. Gaskiyar tana cikin gwaji. Fitar da murabba'i biyar masu faɗin milimita 30, shimfiɗa ɗaya tak mai kauri 0.2, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya. Ɓamɓaro su ka ɗaga a haske. Idan layukan sun fito zagaye-zagaye, haske na ratsa tsakaninsu, ko suna rabuwa da ka ja, nozul ya yi nisa. Idan saman yana da kaushi da ƙananan kunyoyi, ko ya yi siriri har ana hango gilas, ko injin tura zare yana ƙas-ƙas, ya matse da yawa. Mai kyau sumul yake fitowa, layukan sun haɗe. In firintarka tana da Babystep Z, wato saitin ɗaga nozul ko sauke shi kaɗan-kaɗan, gyara da milimita 0.02 zuwa 0.04 a lokaci guda yayin da take aiki.

Amsa ta biyu

Bayanin amsa ta ɗaya ya yi daidai. Ɗagewar kusurwa kuwa matsala ce daban: roba tana tsukewa idan ta huce, saman aikin ya ja ƙasan.

Digiri 50 ya yi kaɗan. Ma'aunin zafin yana ƙarƙashin farantin alminiyon ne, saman gilas yakan gaza abin da allo ya nuna da digiri da dama. Sa 60 zuwa 65, kuma ka jira minti goma bayan allo ya ce ya kai.

Sai tsafta, wadda aka fi rainawa. Maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya hana PLA kamawa. Cire gilas ɗin, wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa, wanda ba a sa wa man laushin hannu ba, ka tsane shi da tishu mai tsafta, ka riƙe shi ta gefe. Tsakanin aiki da aiki a goge da sifirit, isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama. Sifirit shi kaɗai wani lokaci baza maiƙon yake yi, shi ya sa sabulu ya fi shi. Da hunturu ƙura tana sauka cikin awoyi kaɗan, a rufe firinta da ƙyalle idan ba ta aiki, a kuma goge dab da farawa. Kashe fankar sama, ka kau da firintar daga taga.

A Cura, manhajar da ke shirya wa firinta aiki: gudun shimfiɗar farko milimita 20 a daƙiƙa, faɗin layinta kashi 120, zafin nozul 210, fankar sanyaya roba a kashe a shimfiɗa biyu na farko. Aiki mai kusurwa masu kaifi a sa masa Brim, wato siririn gefe da ke kewaye gindin aiki don ya riƙe faranti, na milimita 5 zuwa 8.

Amsa ta uku

Ɗan'uwa, tunda ka ce dama ce, duba jikin injin kafin komai. Ender 3 sandar Z, mai ɗaga nozul da sauke shi, ɗaya gare ta, a hagu, don haka hannun da ke ɗauke da nozul yakan yi wasa a dama. Kama shi ka jijjiga, haka ma faranti. In akwai motsi, ɗauki sifanar da ta zo da firintar ka ɗan juya notin nan mai kusurwa shida da ke bayan taya, har motsin ya tsaya amma tayar tana juyawa da yatsa da ɗan ƙarfi. Faranti mai rawa ba ya riƙe saiti ko da an yi shi da kyau.

Gilas ya ƙara tsayin milimita 3 zuwa 4, saboda haka a ɗaga makunnin tsayar da Z daidai da haka, sifirin (spring) da ke ƙarƙashin faranti su kasance a matse wajen rabi. Wanda ya saki da yawa notinsa yana kwancewa da kansa.

Mai CR Touch ko BLTouch, na'urorin da ke auna tudu da kwarin faranti, ya lura: a Marlin, manhajar cikin firintar, umarnin G28 (Auto home) yakan kashe taswirar faranti da na'urar ta auna. Sa M420 S1, mai sake kunna ta, bayansa a umarnin farawa, ko G29 idan kana son sabon awo kowane lokaci.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri. To gam ɗin ba shi da amfani ke nan? Akwai niyyar gwada wani nau'in zaren roba, PETG, nan gaba.

Amsa ta huɗu

Yana da amfani, a PETG ma ya zama dole a kan gilas. PETG yana kamawa fiye da kima, yakan ɓamɓaro ɓarin gilas ko fatar PEI mai santsi, wata roba da ake lulluɓe saman faranti da ita. Gam ɗin sanda irin na 'yan makaranta, shafa ɗaya siririya, shi ke shiga tsakani. Nozul 235 zuwa 240, faranti 75 zuwa 80, ka ƙara tazara da kamar 0.03 domin ba ya son dannewa irin ta PLA. Bar faranti ya huce sosai kafin ka cire aikin. Idan za ka riƙa yin PETG da yawa, sayi farantin PEI mai gurje-gurje, amma kada asiton ya taɓa shi, sabulu da ruwa sun ishe shi.