Bangon hoto yana lanƙwashewa idan na yi gyara da Liquify

Mai Ɗaukar Hoto: Assalamu alaikum. Ina gyaran hotunan biki da Photoshop, amma duk lokacin da na matsa gefen babbar riga da Liquify, wato kayan aikin da ake turawa ko jan sassan hoto da shi, sai ƙofar da ke baya ta lanƙwashe. Wane saiti ya kamata in canza?

Malamin Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Da alama Pressure ɗinka ya yi yawa, domin shi ne ke ƙayyade ƙarfin jan hoton. Ka rage shi zuwa wajen 20, ka ƙara girman burushin, sannan ka riƙa turawa kaɗan-kaɗan, saboda ƙaramin burushi ne yake barin tudu da kwari a gefen tufafi. Density kuwa yana daidaita laushin bakin burushin, kuma ni a 50 nake barinsa.

Hajiyar Zane: Malam ya yi gaskiya, sai dai saiti kaɗai ba zai hana ƙofar motsi ba. Ka fara shafe ta tukuna da Freeze Mask, wato burushin da ke kulle wuri yana shafa masa jan launi; duk inda jan launin ya rufe ba zai gusa ba.

Mai Ɗaukar Hoto: Na gode ƙwarai. Shin saitin Rate ma yana da tasiri a nan?

Malamin Kwamfuta: A'a, amfaninsa yana wajen irin su Bloat (mai kumbura wuri) da Pucker (mai tsuke wuri), lokacin da ka danna ka tsaya wuri guda.