Base a Hausance: tushe, alkali ko makashin tsami?

Malamai masu koyar da kimiyyar sinadarai da Hausa, ku matso mu yanke wata magana. Acid ba ta ba mu wahala ba, asid muke rubutawa, halinta kuma tsami. Kishiyarta, wato base, ita ce har yau kowa da irin tasa.

Wasu sun sa "tushe". Wannan fassarar ƙamus ce kawai, ba abin da take gaya wa ɗalibi game da sinadarin. Wasu sun ce a bar "alkali" yadda take, tunda asalinta Larabci ne, daga sunan tokar tsiro da ake yin sabulu da ita. Hujjar ba laifi. Sai dai mutanenmu ba sa sa ƙugiya in suna rubutu a waya, yaro zai karanta "a jefa alkali cikin ruwa" ya tambayi laifin da mai shari'a ya yi.

Ni shawarata "makashin tsami", kuma daga madafi na ɗauko. In miyar yakuwa ko ta tumatir ta cika tsami, uwargida takan jefa 'yar kanwa, miyar ta taso da kumfa, a ce an kashe tsami. Kumfar nan iskar CO₂ ce. Kashe tsamin nan shi ne aikin base, ba ragi ba ƙari. Halin nata kuwa sai mu ce "kanwanci", a samu tsami a ƙasa da 7 a ma'aunin pH, kanwanci a sama da 7. Neutral kuma "tsaka-tsaki". Wani ya kawo "lami", amma ruwan gishiri pH ɗinsa 7 ne, kuma ba mai ce masa lami.

Wani malami ya ƙalubalance ni, ya ce: "Ranka ya daɗe, ai kanwa ita kanta gishiri ce a kimiyyance, yaya za ka ba kishiyar asid sunanta?" Gaskiyarsa, malam. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi galibinta sodiyam kabonet ne da bayikabonet. To amma nan ne ma kalmar ta fi yi mana rana, domin darasin da ya fi rikita ɗalibai shi ne wannan: suna ɗauka duk gishirin da ya narke a ruwa tsaka-tsaki yake bayarwa.

A kimiyya, gishiri shi ne abin da ake samu in asid ta haɗu da makashin tsami, kuma yakan ɗauko halin wanda ya fi ƙarfi cikin iyayen nasa biyu. Gishirin miya, NaCl, daga asid HCl da makashin tsami NaOH ya fito, duka ƙarfafa ne, saboda haka tsaka-tsaki. Sodiyam kabonet kuwa, NaOH mai ƙarfi ne, asid ɗin kabonik rarrauna ce. In ya narke, kabonet ɗin yakan ƙwace H⁺ (mai kawo tsami) daga ruwan ya bar OH⁻ (mai kawo kanwanci) a sake, pH ya haura 11 in zalla ne. Ka ga ɗalibin da ya san kanwa ya riga ya san amsar kafin a hau allo.

A juya lamarin: takin amoniyam salfet, asid mai ƙarfi da amoniya rarrauna. Amoniyam ɗin, wato NH₄⁺, ce ke sakin H⁺, ruwan ya yi tsami. Alam ɗin da ake jefawa a randa don laka ta kwanta shi ma tsami yake bayarwa. In duka iyayen raunana ne sai an gwada Ka da Kb, wato ma'aunin ƙarfin asid da na makashin tsami, wanda ya fi girma shi ke rinjaye. A amoniyam asitet kusan kunnen doki suke yi, pH ya tsaya wajen 7.

Mai son gwadawa a aji ya jiƙa zoɓo ya raba kofi biyu. Na gishirin miya launinsa ba zai sauya ba, na kanwa kuwa zai rine ya koma duhu mai kore-kore.

Saura hydrolysis, wato wannan ƙwace da sakin H⁺ da gishiri ke yi da ruwa. Na sa "tsaga ruwa" na wucin gadi, amma tana iya rikicewa da raba ruwa da lantarki. Malaman Damagaram da Maraɗi, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, me kuke ce mata a aji?