Masu cin abincin bola da gangan: gwagwarmaya ce ko cin bulus?

Mai Jan Magana: Jama'a, ga magana. A Turai da Amurka akwai waɗanda ake kira firigan. Da aikinsu da albashinsu, amma sun ɗaura aniyar ba za su sayi abinci ko kaya ba muddin za su tsinta a bolar manyan kantuna. Wai yaƙi suke yi da almubazzaranci. Ni kam ban ga yaƙi ba, kaska na gani a jikin saniya. Ranar da kanti ya daina zubarwa, ranar za su kwana da yunwa.

'Yar Lissafi: Haba Malam, kaska kuma? Ita jini take sha, su kuwa abin da aka riga aka jefar suke ɗauka. A 2011 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa, wajen tan biliyan 1.3, salwanta yake yi duk shekara. Kuma da yawan abin da kantuna ke zubarwa lafiyarsa ƙalau. Wani kwanan watan da ke jikin kwali inganci kawai yake nunawa, ba wai abincin ya zama guba ba.

Dattijon Zaure: 'Yata, "wani" kika ce. Ɗayan fa? Nama ko kifin da ya kwana ba sanyi, babu aƙidar da za ta hana shi ɓata ciki.

'Yar Lissafi: Gaskiya ne Baba, shi ya sa masu hankalin cikinsu suka fi ɗaukar gwangwani da kayan lambu da busassun kaya.

Mai Jan Magana: To Malama, tunda lissafi kike so. Rahoton Majalisar na 2024 ya ce a cikin abincin da aka yi asara a gidaje da wuraren cin abinci da kantuna a 2022, gidaje ne suka zubar da kashi 60 cikin ɗari, kantuna kashi 12 kacal. Ashe ɓarnar tana ɗakin girkinmu, su kuma sun tafi bayan kanti da tocila suna ihu bayan hari.

Ɗan Doka: Duk kun tsallake batun shari'a. A Jamus an taɓa kama wasu ɗalibai mata biyu da laifin sata saboda sun ɗebi abinci daga kulallen kwandon sharar wani kanti, kuma a 2020 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ƙi soke hukuncin. Faransa kuwa ta bi ta wata hanya: tun 2016 ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai ɓaci ba, ta wajabta musu ba ƙungiyoyin agaji. Doka ɗaya ta yi abin da dubban masu tonon bola ba za su iya ba.

'Yar Lissafi: Yaya, wa ya tayar da ƙurar har majalisar dokokin Faransa ta ji? Ai sai da mutane suka ga hotunan abinci mai kyau a cikin shara kafin kunya ta kama kowa.

Uwar Marayu: Ni duk ba wannan ke damuna ba. Kwandon nan da mai albashi ke tonawa don aƙida, akwai wanda ke tona shi don ba shi da wata tukunya. Shi na farko idan ya gaji sai ya ciro kati ya biya. Idan sun haɗu da dare a bakin kwando ɗaya, wa zai ja baya?

'Yar Lissafi: Hajiya, akwai masu dafawa su raba. Ƙungiyar Food Not Bombs da aka kafa a Amurka a 1980 haka take yi da rarar abinci, kyauta ga duk wanda ya zo.

Uwar Marayu: Waɗannan ba ni da ja a kansu. Wanda ya cika firijinsa ya ɗauki hoto ya sa a intanet nake tambaya.

Mai Jan Magana: To na janye kaskar daga kan masu rabawa. Sauran dai tana nan.