Cigiyar kalma: me za mu kira "advance" na Universal Credit da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Cigiyar kalma na zo yi, kuma ba don nishaɗi ba, don rashinta ya sa wata baiwar Allah ta kusa zubar da hawaye a falona.

Maƙwabciyarmu ce a nan Landan, Hajiya muke ce mata. Ranar Lahadi bayan la'asar ta shigo da waya a hannu, ta ce, "Ƙanena, duba min, wata uku ke nan kuɗina ba ya zuwa cikakke." Na buɗe bayanin kuɗin watan na Universal Credit, tallafin gwamnati da take karɓa, sai ga layin a ƙasa: an cire fam 33 da 'yan kai saboda advance. Na ce, "Hajiya, ai rancen da kika karɓa ne ake cirewa." Ta dafe ƙirji. "Ni? Rance? Wallahi ban ci bashin kowa ba."

Ashe lokacin da injin wankinta ya mutu ne 'yarta ta taya ta neman abin da ake kira Budgeting Advance. Sun sa waya ta fassara musu sunan, wayar ta ce "ci gaban kasafin kuɗi". To wa ke ƙin ci gaba? An yi mata bayanin biya da Turanci, ta yi ta amsa "yes, yes" irin na kunya, ta koma gida tana murna an yi mata ƙari.

Ga waɗanda ke gida, bari in ɗan warware. Universal Credit tallafi ne da gwamnatin Birtaniya ke ba marasa aiki da masu ƙaramin albashi duk wata. A 2013 aka fara shi, ya haɗe tsofaffin tallafi guda shida wuri ɗaya. Ba kowane Bahaushe da ke nan ke da haƙƙinsa ba: ɗalibai da masu bizar aiki galibi an rubuta musu cewa ba su da rabo a kuɗin gwamnati. Masu takardar zama ta dindindin da waɗanda aka ba mafaka na cikin waɗanda abin ya shafa.

Wanda ya nema a karon farko sai ya jira kamar mako biyar kafin kuɗi ya shigo. A cikin wannan jiran ana iya ba shi advance, har daidai da abin da ake sa ran zai samu a watan farko, ya biya cikin wata 24. Wannan iri ɗaya ke nan. Na biyu shi ne na Hajiya, na lalurar da ta faɗo ba shiri, kamar firji ko murhu ya lalace, ko hidimar jana'iza, ko kuɗin fara sabon aiki. Mafi ƙaranci fam 100. Mafi yawa fam 348 ga mutum ɗaya, 464 ga ma'aurata, 812 ga mai 'ya'ya. Dukansu ba ruwa a kai, ko kwabo. Amma dukansu daga tallafin watanni masu zuwa ake cirewa, tun kafin ya taɓa hannunka.

To wannan abin nake nema wa suna. Na jefa tambayar a zauren mutanenmu na WhatsApp kwana biyu da suka wuce, ga abin da ya fito da abin da nake gani a kansa.

Da yawa sun ce a bar shi "adibas" kawai, tunda Hausa ta daɗe da haɗiye kalmar. Gaskiya ne, tela na karɓar adibas, magini ma haka. Amma ku lura da wanda ke karɓa a can: mai aikin da za a biya ne, an ba shi wani abu daga haƙƙinsa. Ba wanda ke jin nauyi a wuya don ya karɓi adibas ɗin ɗinki. Da na ce wa Hajiya "adibas ne", da ta ce to madalla, sai a kawo cikon. Haka "kafin alƙalami" da wani dattijo ya kawo. Kalma ce mai daɗin ji, amma ta ciniki ce da kwangila, kuɗin ɗaure magana. A nan ba cinikin da aka ƙulla.

"Tallafin gaggawa" kuwa na ƙi shi gaba ɗaya, ko da yake shi ya fi samun masu goyon baya. Duk inda Bahaushe ya ji tallafi, kyauta ya ji. Wannan fassarar ta fi ta wayar haɗari, don ita ta waya aƙalla ba ta da ma'ana, mutum zai iya tsayawa ya tambaya.

Wadda ta tsaya min a rai ita ce ta wani ɗan'uwa da ya tashi a ƙauye. Ya ce, "Yaya, ai wannan ba-da-kaka ce." Na yi shiru na ɗan lokaci. A tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba, manomi ya je wurin mai hali ya karɓi kuɗi ko 'yan tiyoyi, a kan idan kaka ta yi zai biya da amfanin gona. Kaka ta zo, kafin ya kai dami gida an ɗebe na bashi. Abin da ya rage ba zai kai shi wata damina ba, sai ya sake komawa. Wallahi siffar abin ke nan, ba ragi. Inda suka rabu shi ne mai ba-da-kaka riba yake nema, buhu ɗaya ya karɓi fiye da buhu, shi ya sa malamai ke ƙyamarta. Idan muka laƙaba wa advance wannan suna, masu tsoron riba za su guje shi a ranar da suke da buƙata ta gaske, alhali babu riba a ciki. Don haka na ajiye ta a matsayin misali idan ana bayani, ba suna ba.

Saura aro, bashi, rance. Aro ya fita, don abin da ka ara shi za ka mayar da kansa, kamar tsani ko tabarma. Bashi ya yi faɗi, har kayan da ka ɗauka a kanti ba ka biya ba bashi ne, kuma a kunnen mutanenmu na nan bashin hukuma ko na banki da ruwa yake tafiya. Rance shi ne ka karɓi kuɗi ko mudun gero ka mayar da kwatankwacinsa, ba daɗi ba ragi. Daidai wa daida.

Abin da ya sa na nace sai kalmar rance ta fito ɓaro-ɓaro a cikin sunan shi ne maganar maimaitawa. Ƙa'ida ita ce ba a ba ka Budgeting Advance na biyu sai ka gama biyan na farko. Akwai wasu sharuɗɗan: ka yi wata shida kana karɓar tallafin, sai fa in don kama aiki ne, kuma abin da ka samu ta hanyar aiki a wata shidan da suka wuce bai kai fam 2,600 ba, ko 3,600 ga ma'aurata. Na san mutanen da suka haddace watan da biyansu zai ƙare kamar yadda ake lissafin watan azumi. Ranar da aka cire na ƙarshe, washegari sun nemi sabo. Ba don firji ya sake mutuwa ba, sai don a cikin watannin da ake yankar musu kuɗi sun tara bashin wuta da na haya da na katin banki, yanzu suna so su toshe wancan ramin da ƙasar da suka haƙo daga wannan. Mai cewa "zan karɓi advance ɗina" yana magana kamar wani kasonsa ne da ke fitowa lokaci-lokaci. Mai cewa "zan sake ranto" ya san abin da yake yi, ko da dole ce ta sa shi. Ban ga laifinsa ba, wanda yunwa ta kora ba a yi masa wa'azin tattali. Ina so ne dai bakinsa ya faɗa masa gaskiyar lissafin.

Lissafin ma ya sauya a 'yan shekarun nan, a sani. A da ana iya cire har kashi 40 cikin 100 na ainihin kason mutum saboda basussuka, aka rage zuwa 30 a 2019, zuwa 25 a 2021, sannan zuwa 15 daga Afrilun 2025. Ga mai shekara 25 zuwa sama da ke zaune shi kaɗai, wanda kasonsa a 2025 kimanin fam 400 ne a wata, kashi 25 fam 100 ne, kashi 15 kuwa fam 60. Wa'adin biyan Budgeting Advance ma daga Disambar 2024 ya koma wata 24 maimakon 12. Sauƙi ne a wata, amma yana nufin wanda ya bi wa'adin har ƙarshe sai ya shekara biyu kafin ƙofar ta sake buɗe masa. Wanda abin ya shaƙe shi yana iya roƙon a ɗage masa biyan na 'yan watanni, kuma ƙungiyoyin Citizens Advice da StepChange na ba da shawarar bashi kyauta. Da yawa cikinmu kunya ce ke hana mu zuwa, alhali bashi hanji ne.

Ga inda na tsaya. Sunan gaba ɗaya: rancen tallafi. Wata 'yar'uwa ta yi gyara mai kyau, ta ce ana iya jin sa kamar rancen da aka bayar don a tallafa, ba wanda ake cirewa daga tallafi ba. Na yarda, amma ko an ji shi haka ba a yi asara ba, tunda rance ne ya zo farko, kuma shi nake so ya fara shiga kunne. Sai a raba su biyu. Na makonni biyar ɗin farko, rancen jira. Na injin wanki da firji, rancen lalura. Wani ya so "rancen kasafi" don ya bi Turancin sau da ƙafa, amma kasafi a bakinmu na gwamna ne a gaban majalisa, ba na uwar gida da injinta ya tsaya da ruwa a ciki ba.

Na gwada su a kan Hajiya jiya. Na ɗauki bayan ambulan na rubuta mata: rancen lalura, fam 812, ana cire 33 da 'yan kai duk wata, an biya uku, saura 21. Ta karanta sau biyu, ta ƙirga da yatsu, ta ce, "Da haka aka ce min tun farko, da ɗari uku zan karɓa in sayi na hannu." Ta ninke ambulan ɗin ta sa a jaka.

Akwai ɗaya da ta rage min kafin in kammala 'yar takardar da za mu raba a masallaci ranar Juma'a, wato deduction, kuɗin da ake ɗebewa daga tallafin kafin ya zo hannu. Ma'aikatanmu na gida "yanka" suke cewa, an yanke min albashi. Wasu sun ce zaftarewa, amma ita tana da ƙanshin zalunci, kamar an ɗebe abin da bai kamata ba. Ni dai "cirewa" na sa a rubutun farko. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke ganin irin wannan a takardun albashi na Faransanci, me kuke cewa?