Neman shawara: buɗe sabon reshe da haɗe rassa biyu da suka yi rauni

Ɗan Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa ta taimakon kai da kai a ƙaramar hukumar Gwale, nan Kano. Aikinmu bai wuce wanda kuka sani ba: yashe lambatu kafin damina, gyaran maƙabarta, darasin yamma ga yara masu shirin jarrabawa, sai ba da jini idan an nema a asibiti. Muna da rajista da ƙaramar hukuma, muna kuma da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, da sunan amintattu biyar. Rassanmu huɗu ne: Diso, Dandago, Kabuga da Dorayi.

Abu biyu ne suka haɗe mana. Rassan cikin gari sun zube. Duk wanda ya yi aure sai ya nemi haya a waje, domin gidajen gado sun cika. Yanzu a Diso idan an kira taro da ƙyar mutum tara su zo, Dandago kuwa shugaba da ma'aji ne ke zama su yi hira su tashi. Shugabannin uwar ƙungiya na son a haɗe su su zama reshe ɗaya. Tun ba a je ko'ina ba an fara musu kan sunan da za a bari da wanda zai shugabanta. Dandago na da 'yan kuɗi a asusu da kujerun roba da lasifika, Diso na da baro shida da shebur da manjagara, kowa kuma cewa yake nasa nasa ne.

Su kuma waɗanda suka tashi, yawancinsu Rijiyar Zaki suka koma. Sun kai mutum talatin, sun rubuto suna son reshensu. To Rijiyar Zaki a Ungogo take, ba Gwale ba. Tsarin mulkinmu layi ɗaya kacal ya yi a kan rassa, wai ƙungiya na iya buɗe reshe inda ta ga dama. Bai faɗi yadda za a buɗe ba, balle yadda za a rufe. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka mana da shawara, babban taronmu ya matso.

Lauyan Unguwa ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Bari in fara da abin da zai kashe rabin musun. A idon doka, reshe ba shi da kansa. Waɗanda aka yi wa rajista su ne amintattun nan biyar, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA wadda aka sa wa hannu a watan Agustan 2020, a kashin da ya shafi ƙungiyoyi. Su ne ke mallakar dukiya da sunan ƙungiya, su ake kai ƙara, su ke kai ƙara. Saboda haka baron Diso da lasifikar Dandago duk na uwar ƙungiya ne, rassan ajiya aka ba su. Ka faɗa musu wannan cikin lumana, amma ka faɗa.

Mutane kan rikita abu biyu. Sashe na 849 na dokar ya yarda ƙungiyoyi biyu masu manufa iri ɗaya su haɗe, amma wannan ƙungiyoyi ne masu rajista daban-daban, kowace da takardarta. Naku lamarin cikin gida ne, ba sai kun je CAC neman izinin haɗe Diso da Dandago ba. Inda za ku koma wurinsu shi ne gyaran tsarin mulki, kuma gyaran nan shi ne ainihin aikinku. Doka ta ce a zartar da gyara da rinjayen mambobi, sannan hukumar ta amince. Idan kuwa suna za ku sauya ko manufa ko amintattu, sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ku duba manufofin da kuka rubuta tun farko. Idan sun ce aikinku a Gwale kaɗai ne, to zuwa Ungogo ya taɓa manufa, ba ƙaramin gyara ba ne.

Abin da zan sa a sabon babin rassa idan ni ne: adadin mutanen da za su nemi reshe, wanda ke da ikon amincewa, iyakar yankin kowane reshe, kason kuɗin wata da zai riƙa zuwa uwar ƙungiya, da sharuɗɗan da idan sun faru za a dakatar da reshe ko a haɗe shi. Na ƙarshen nan kowa ke tsallakewa don ba a son fatan tsiya, shi ne kuma yake kai mutane gaban alƙali.

Kada wani ya kawo maganar a raba kuɗin Dandago tsakanin mambobinta tunda za a rufe. Ko uwar ƙungiyar ce aka rushe, sashe na 850 ya hana a raba abin da ya rage ga mambobi, sai dai a miƙa wa wata ƙungiya mai irin manufarta. Kuma asusun da za ku daina amfani da shi ku rufe shi a rubuce, kada ku bar shi ya kwanta.

Rijiyar Zaki kuwa, takardar CAC tana aiki a ko'ina cikin Najeriya. Rajistar ƙaramar hukuma ce ba ta tsallaka iyaka. Su je sashen da ke kula da ƙungiyoyi a sakatariyar Ungogo da wasiƙa daga gare ku.

Tsohon Ciyaman ya amsa:

Barista ya gama da takarda. Ni kuma ɗana bari in gaya maka abin da takarda ba ta faɗi ba, don na yi wannan wahala tun lokacin da aikin gayya ke cika unguwa.

Ba baro suke faɗa a kai ba. Mutum ya shekara goma ana ce masa Ciyaman a bakin masallaci, 'ya'yansa ma 'ya'yan Ciyaman ake ce musu, kai kuma ka zo da takarda ka ce daga yau shi mamba ne kawai ƙarƙashin yaron unguwar da suke takara da ita tun suna ƙwallon ƙafa. Ba zai ce maka kujera yake so ba, sai ya ce kujerun roba.

Saboda haka kada ku ce reshe kaza ya shiga cikin reshe kaza. Ranar da aka faɗi haka an yi mai nasara da wanda aka kayar. Ku rushe shugabancin duka biyun a rana ɗaya, a zama ɗaya. Ku naɗa kwamitin riƙo na wata uku, mutum biyu daga nan, biyu daga can, na biyar daga Kabuga ko Dorayi ya shugabanta, da sharaɗin duk wanda ya shiga riƙo ba zai tsaya zaɓe ba. Aikinsu su ƙirga kaya, su bi rasit, su tantance wanda yake mamba da gaske. Wannan tantancewar ku yi ta kafin a sa ranar zaɓe, a rufe littafi. In ba haka ba, daren zaɓe za ka ga mutum arba'in da ba su taɓa riƙe shebur ba sun biya bashin kuɗin wata na shekara biyu, kuma ka san ba daga aljihunsu ba. Suna kuwa, ku nemo wanda ba na kowa ba. Ku ce Reshen Cikin Gari, an wuce wurin. Tsofaffin shugabannin biyu a ba su kujerar masu ba da shawara, a karanta sunayensu a taro, a yi musu addu'a. Ba ya cin ko sisi.

Kafin duk wannan, ku je wurin masu unguwannin biyu da limamansu, ba da wasiƙa ba, da ƙafa. Idan mai unguwa ya ji labarin a bakin wanda ya fusata kafin ya ji a bakinku, kun sha wuya.

Na Rijiyar Zaki ne na fi jin tsoro, don mutum talatin a takarda ba mutum talatin ba ne a bakin lambatu. Kada ku ba su sunan reshe yanzu. Ku kira su kwamitin share fage, wata shida, ba hatimi, ba asusun banki, ba takarda mai tambarin ƙungiya. Su yi aiki biyu da kowa zai gani, su kawo rahoton taro duk wata, su biya kuɗin wata ta hannun ma'ajin uwar ƙungiya. Ka kuma duba, cikin talatin ɗin nawa ne haifaffun wurin? Idan duk 'yan cikin gari ne da suka yi ƙaura, to majalisar hira kuka buɗe, mutanen unguwar za su riƙa kallonsu a matsayin baƙi. Sannan ka binciki mai zuga su. Wani lokacin ɗan takarar kansila ne yake neman inda zai tsaya ya ɗauki hoto.

Yayar Matasa ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da kwamitin riƙo, amma ina da ja a kan haɗewar kanta. Mu a Zariya an haɗe reshen Tudun Wada da na cikin birni, a takarda komai ya yi kyau. Maza suka ci gaba da zuwa a babura. Mu mata kuwa, taron da da kake leƙawa da mayafi bayan la'asar ka dawo kafin magariba ya koma na kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, da neman izini a gida, kuma bayan isha'i ake yi. Cikin 'yan watanni ɓangaren mata ya watse, alhali mu ne ke shiga gidaje maganar rigakafi da awon ciki, inda namiji ba ya shiga.

Malam Sakatare, ka ce mutum tara ke zuwa a Diso. An tambayi sauran me ya hana su? Kuna da mata a rassan nan, kuma an ji ta bakinsu? Akwai hanya ta uku: a haɗe shugabanci da asusu, amma a bar kowace unguwa da ƙaramin rukuninta da wakili ɗaya da ranar aikinta. Babban taro a riƙa yin sa karɓa-karɓa, wannan wata a nan, wata mai zuwa a can.

Wani abin kuma, ku dubi shekarun masu riƙe da rassan. Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta sa matashi daga shekara 15 zuwa 29, ta 2009 ta ce 18 zuwa 35, yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka kuma 15 zuwa 35. Ko wanne kuka ɗauka, mai shekara 47 ya fita. Ba mutane ne suka ƙare a Diso da Dandago ba, lungunan cike suke da samari. Ba sa shiga ne saboda sun ga ƙungiyar yayyensu ce. Idan kuka haɗe rassa biyu na dattawa, reshe ɗaya na dattawa za ku samu.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Gaisuwa daga Zinder. Dokarmu daban ce, ta 1984 ce ke tafiyar da ƙungiyoyi a Nijar, kuma izini daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa, don haka ba zan sa baki a maganar Barista ba. Amma abin da Yaya ta faɗa ya tuna mini da Samariya, tsarin ƙungiyoyin matasa na Nijar. Zamanin shugaban mulkin soja Seyni Kountché an farfaɗo da ita, kowace unguwa da ƙauye da sarkin samarinta, ana hawa mataki-mataki har zuwa ƙasa baki ɗaya. An gina azuzuwa, an shuka itatuwa da aikin gayya. Da gwamnatin da ke riƙe da ita ta sauya, sai tsarin ya yi sanyi. Abin da matasa suka koma yi da kansu shi ne fada, 'yan mutane kaɗan a ƙofar gida da butar shayi, ba mai kiran taro amma kullum a cike. Ni dai da ku ne, da na bi majalisun samarin da ke zama a lungunan nan biyu na nemi kowace ta ba da mutum ɗaya a sabon reshen.

Ɗan Gwale ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Yaya, tambayarki ta zauna: mata goma sha ɗaya ne a rassan biyu, kuma su ne suka fi biyan kuɗin wata a kan kari. Zan sa wasu daga cikinsu a kwamitin riƙo, zan kuma kai shawarar rukunin unguwa da ƙa'idar shekaru gaban babban taro, ko da yake na san inda za a yi hayaniya. Baba, na ƙirga, bakwai ne haifaffun Rijiyar Zaki cikin masu neman reshen.

Barista, saura ɗaya. Reshen Dandago na da bashin hayar shagon da suke ajiye kaya, na wata takwas. 'Yan Diso sun ce ba za su gaji bashin da ba su ci ba. Wa zai biya?

Lauyan Unguwa ya amsa:

Ka nemo takardar hayar ka ga sunan da ke kai. Idan da sunan ƙungiya aka kama shagon, bashin na uwar ƙungiya ne kamar yadda lasifikar take tata. A biya daga asusun Dandago kafin a rufe shi, a karɓi rasit, abin da ya rage shi ne zai shiga asusun sabon reshe, kun ga 'yan Diso ba su gaji komai ba. Idan kuwa shugaban reshen ne ya kama da sunansa, mai shago shi zai bi, amma tunda kayan ƙungiya ne a ciki, babban taro ya zartar a biya a rubuta cikin rahoton taro. Ku kwashe kayan ku mayar da makulli a ranar da kuka biya, kada wata na tara ya shiga.