Me za mu kira "forensik" idan ana maganar tsofaffi marasa lafiyar ƙwaƙwalwa?

Mai fassara: Salamu alaikum malamai. Akwai sassan asibiti a Ingila da ake kwantar da dattawa masu ciwon ƙwaƙwalwa waɗanda kotu ta tura. Turawa na ce musu marasa lafiyar "forensik". Na rubuta "fursunoni masu taɓin hankali", amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Lauya: Gara da ba ta kwanta ba, Malam. Da yawansu ba fursunoni ba ne. A dokar lafiyar hankali ta Ingila ta 1983, sashe na 37 ya ba alƙali damar tura mutum asibiti maimakon gidan yari. Idan aka haɗa da sashe na 41, likita ba zai sallame shi ko ya bar shi ya fita ba sai da yardar Ma'aikatar Shari'a, ko wata kotu ta musamman ta sake shi. Wanda aka ɗauko daga kurkuku kuwa, sashe na 47 ne. Asalin kalmar "forensik" daga Latin take, dandalin da ake yanke shari'a. Abin da ya haɗa waɗannan marasa lafiya shi ne mabuɗin ƙofar yana hannun shari'a. Ni na fi son "mai jinya a hannun shari'a".

Malamar Hausa: Barista, ka kyauta da ka kauce wa "majinyaci", don wasu da shi suke nufin mai kula da maras lafiya. Kuma don Allah kada a dawo da "mahaukacin kotu". Irin wannan harshe na dokar 1958 ne, wadda sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2023 ta maye gurbinta.

Likita: Na yarda. Inda nake da magana shi ne ɓangaren ciwon. "Gigin tsufa" bai isa ba, "cutar mantuwa" ma haka. Akwai lalacewar gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, wadda ta fi farawa tsakanin shekara 45 da 65. Mai ita bai fara da mantuwa ba. Kunya ce ke fita, ya ɗauki kayan mutane a fili, ya taɓa abin da bai kamata ba, daga nan sai gaban alƙali. Akwai cutar Huntington, wadda kowane ɗan mai ita ke da rabin yiwuwar gadonta. Akwai Korsakoff, daga ƙarancin bitamin B1, galibi ga wanda ya daɗe yana shan giya. Ga kuma wanda ya bugu a kai ko jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa. Duk tushensu a naman ƙwaƙwalwa yake, sai ya bayyana a ɗabi'a. Shi ya sa nake cewa "ciwon ƙwaƙwalwa mai sauya hali".

Bambancin yana da amfani a wajen magani. Mai cutar Lewy, wani nau'in cutar mantuwa, idan aka ba shi haloperidol, maganin taɓin hankali, jikinsa na iya sandarewa, ya faɗi, har a rasa shi.

Ma'aikaciyar jinya: Likita, a ƙara da ginin. Asibitocin Ingila masu tsananin tsaro irin su Broadmoor, da aka buɗe a 1863, da Rampton an yi su ne don tsare masu ƙarfi a jika. Dattijo yana buƙatar ƙarfen dafawa a banɗaki, amma ƙarfen nan wurin rataya ne ga mai son kashe kansa, dole a sa wanda babu rata tsakaninsa da bango. Sandar dogarawa makami ce idan rikici ya tashi. Danne tsoho ƙasa kan karya ƙugu. A duba haɗiyarsa kuma, abinci na zarcewa huhu ya zama namoniya. Saboda haka "gidan yari" ba ya cikin sunan; "sashen jinya mai tsaro" ne.

Mai fassara: To "tsoho" ko "dattijo"?

Malamar Hausa: "Masu manyan shekaru". A aikin gidajen yari ana fara lissafin tsufa tun daga shekara 50, don jikinsu kan riga shekarunsu tsufa, kuma ɗan hamsin ba zai amsa tsoho ba.

Mai fassara: Na rubuta: "sashen jinya mai tsaro na masu manyan shekaru da ke hannun shari'a, masu ciwon ƙwaƙwalwa mai sauya hali". Ya yi tsawo, amma a ambato na biyu "masu jinya a hannun shari'a" ya wadatar. Allah ya saka da alheri.